Kiwon Murjani Cikin Tankin Gilashi: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Auna Kafin Ya Sayi Kayan Aiki

LEGAS — Duk wanda ya saba shiga manyan otal-otal da gidajen cin abinci da ofisoshin kamfanoni a Legas da Abuja da Fatakwal, da wuya a ce bai taɓa cin karo da tankin gilashi cike da kifaye masu launi a zauren karɓar baƙi ba. Akasarin waɗannan tankuna na ruwan daɗi ne, kuma ɗawainiyarsu ba ta taka kara ta karya ba. Amma akwai wani iri da ya fi su tsada nesa ba kusa ba, watau tankin ruwan gishiri wanda ake rayar da murjani a cikinsa, ya zama tamkar an yanko wani yanki na ƙarƙashin teku an girke shi a ɗaki.

Ɗan kasuwar da ya ga irin wannan tanki a Dubai ko Singafo, ya dawo gida da niyyar kafa nasa, yawanci tambayarsa ta farko ga dillali ita ce wace fitila ce ta fi kyau, domin hasken nan mai shuɗi shi ne abin da ya fara ɗaukar idonsa. A ƙasashen da wutar lantarki ba ta yankewa, wannan tambaya tana kan hanya. A Nijeriya kuwa, fitila ita ce ta huɗu a jerin abubuwan da za a yanke shawara a kansu. Kafin ita akwai wutar da ba ta ɗaukewa, da maganin zafi, da tsabtataccen ruwa. Wanda ya birkita wannan jeri yana iya wayar gari ya tarar dukiyar miliyoyin Naira ta zama farin dutse da ruwa mai wari.

Dabba ce, ba dutse ba

Murjanin da Bahaushe ya sani shi ne jan dutsen ado, irin wanda sarakunan Bini suka shahara da sanyawa. Wancan ƙashin wata halitta ce ta tekun Bahar Rum, wadda take zaune a wurare masu ƙarancin haske. Murjanin da ake kiwo a tanki danginsa ne na nesa, kuma da ransa ake ajiye shi. Taro ne na ƙananan dabbobi masu taushin jiki, waɗanda da yawansu suke gina wa kansu ƙashi na farar ƙasa. Tarin wannan ƙashi cikin dubban shekaru shi ne yake zama tudun murjani, kamar wanda ya miƙe tsawon kimanin kilomita 2,300 a gabar arewa maso gabashin Ostireliya.

A cikin naman murjanin akwai wata irin gansakuka ƙarama wadda ido ba ya gani. Ita ce take karɓar haske ta sarrafa abinci kamar yadda ganye yake yi, ta ciyar da mai masaukinta da mafi yawan abin da yake bukata. Saboda haka fitilar tanki abinci ce ga murjani. Haka nan kuma wannan zaman tare yana da saurin lalacewa. Idan zafin ruwa ya haura abin da murjani ya saba da shi da digiri ɗaya ko biyu har na wasu makonni, sai ya kori gansakukar, ya koma fari fat, in ba a yi sa'a ba ya mutu. Abin da ya auku ke nan a tekunan duniya a 1998, da 2016, da kuma wanda hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta tabbatar a watan Afrilu na 2024. Abin da zafi yake yi a teku cikin makonni, yana iya yinsa a tanki cikin kwanaki kaɗan.

Duk da cewa Nijeriya tana da gabar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, ba ta da tudun murjani irin na Kenya da Tanzaniya da Bahar Maliya. Kogin Kwara da sauran koguna suna kwararo ruwan daɗi da laka mai yawa cikin teku, ruwan ya gurɓace, gishirinsa ya ragu, haske ya kasa ratsawa. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa ita ce, kowane reshen murjani da kowane buhun gishiri da kowace na'ura daga waje za a shigo da su, da kuɗin ƙasashen waje. Tun da aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni na 2023, kuskure a wannan harka ya ƙara tsada ƙwarai.

Girman tanki da mazauninsa

Sabon shiga yakan ɗauka ƙaramin tanki ya fi sauƙi. Akasin haka ne, domin ruwa kaɗan yana saurin ɗaukar zafi da saurin ɓaci. Tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 60, zurfi 60, yana cin lita 432, kuma girma ne da ya dace da zauren ofis. Gilashinsa kada ya gaza kaurin milimita 12. Zurfin da ya wuce santimita 60 yana bukatar fitila mai ƙarfi fiye da kima, hannun ma'aikaci kuma ba zai kai ƙasansa ba.

Ruwan wannan tanki kaɗai ya kai kilo 440, idan aka haɗa da gilashi da duwatsu da ƙaramin tankin da ake ɓoyewa a ƙarƙashinsa, nauyin zai zarce kilo 600. Wanda zai ɗora shi a bene ya kamata ya nemi shawarar injiniyan gini. Ya kuma tambayi kamfanin inshorarsa ko yarjejeniyarsu ta haɗa da ɓarnar ruwa. A watan Disamba na 2022 wani katafaren tanki da ke zauren wani otal a birnin Balin na Jamus ya fashe da asuba, ruwa lita miliyan ɗaya ya malale har kan titi, kifaye kimanin 1,500 suka halaka. Sa'an nan a nisanta tanki daga tagar da rana take bugawa, domin hasken rana ta taga yana kawo zafi da gansakuka marar amfani.

Wuta kafin kome

Murjani yana iya jure duhu na kwana biyu ko uku, kamar yadda yake jurewa a teku lokacin hadari, ko a cikin kwali lokacin da ake jigilarsa ta jirgin sama. Abin da tanki ba ya jurewa shi ne tsayawar ruwa. Ruwan gishiri mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar ruwan daɗi. A zafin digiri 25, litar ruwan daɗi tana riƙe fiye da miligiram 8, ta ruwan teku kuwa ba ta kai 7 ba. Da zarar famfuna sun tsaya, kifaye da murjani da ƙwayoyin bakteriya da ke cikin duwatsu za su ci gaba da zuƙe iskar da ta rage, kuma cikin sa'o'i kaɗan manyan kifaye su fara mutuwa. Gawarsu ta ɓata ruwan, sauran su bi baya.

Don haka janaretan ma'aikata bai wadatar ba, musamman a ofisoshin da ake kashe shi da dare da ranakun hutu. Wajibi ne famfunan tanki su sami inbata da batir nasu na kansu. Lissafin ba mai wuya ba ne. Famfon da yake maido ruwa daga tankin ƙasa, da famfuna biyu masu kaɗa ruwa, da na'urar kwashe kumfa, gaba ɗaya suna cin kimanin wat 100. Batir mai bolt 12 da ƙarfin amfiya 200, idan aka sha rabin cajinsa kamar yadda ya kamata a yi wa batirin darma, zai riƙe su kimanin sa'o'i goma. Inbatar ta zama irin wadda take ba da wuta lafiyayya kamar ta layi, domin mai araha tana sa famfo gurnani da zafi har ya ƙone. Famfunan zamani masu aiki da bolt 24 sun fi dacewa, saboda ba su da cin wuta, wasunsu ma ana iya haɗa su da batir kai tsaye.

Akwai wani tarko da masu sayayya daga Amurka suke yawan faɗawa. Kayan da aka ƙera don kasuwar can suna aiki da bolt 120 ne, wutar Nijeriya kuwa bolt 230 ce, kuma bugunta 50 ne a daƙiƙa maimakon 60. Ko an sa taransifoma, famfon da aka yi don bugu 60 ba zai ba da cikakken ƙarfinsa ba. Kayan da aka yi don Ingila ko Turai su ne daidai da wutarmu. Haka nan a sanya sitabilaiza, da makatsin wuta mai yankewa da kansa idan wuta ta zurara cikin ruwa, domin ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki sosai, kuma ran ma'aikacin da yake tsoma hannu ciki ya fi tankin daraja.

Maganin zafi

Murjani yana son ruwa mai zafin digiri 25 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyos, ba tare da hawa da sauka ba. A Legas zafin rana yakan haura digiri 30 a watanni da dama, kuma kowane wat da famfo ko fitila ta ci yana komawa zafi ne a ƙarshe. In ba ɗakin yana da na'urar sanyaya iska dare da rana ba, babu makawa sai an sayi injin sanyaya ruwa. Ga tanki mai lita 400, inji mai ƙarfin rubu'in doki yakan isa. A tabbata bututun da ruwa yake bi a cikinsa na ƙarfen titaniyam ne, domin jan ƙarfe guba ne ga murjani ko da ɗan kaɗan ne ya narke. Kada a kulle injin cikin kabad ɗin tanki, saboda zafin da ya cire daga ruwa waje yake hurowa.

Fanka mai hura saman ruwa tana rage zafi da digiri ɗaya ko biyu ta hanyar tururi, amma aikinta ya fi kyau a busasshiyar iska irin ta Abuja da Kano lokacin rani, a kan iskar Legas da Fatakwal mai laima. A Jos kuwa, ko lokacin hunturu a arewa, ko a ɗakin da sanyin na'ura ya yi yawa, sai an haɗa da ƙaramar hita mai kunna kanta.

Ruwa da gishiri

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri giram 35 a kowace lita, haka ake so na tanki ya kasance. Ɗebo ruwa daga gabar Legas ko daga tafkinta ba dabara ba ce, saboda ƙazantar birni da mai, ga kuma gishirinsa da yake raguwa da damina. Gishirin miya shi ma ba ya yi, domin babu kalsiyam da maganiziyam da sauran sinadaran da murjani yake gina ƙashinsa da su. Gishiri na musamman ake saya, kuma cika tanki mai lita 400 zai ci kilo 14. Bayan haka ana sauya kashi goma cikin ɗari na ruwan kowane mako ɗaya ko biyu, watau gishiri kusan kilo ɗaya da rabi kowane karo. Mai tanki ya riƙa ajiye na wata shida, kada kaya su maƙale a tashar jiragen ruwa ta Apapa ya rasa abin yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ruwan famfo yana da kulorin, na rijiyar burtsatse kuma a wurare da yawa yana da ƙarfe da wasu sinadarai masu ciyar da gansakuka. Saboda haka na'urar tace ruwa mai matse shi ta cikin siririyar fata, irin wadda masu sana'ar ruwan leda suka sani, tana cikin kayan farko da za a saya, tare da matatar ƙarshe mai tsotse ragowar sinadarai. A sani cewa tana zubar da lita uku ko huɗu kafin ta ba da ɗaya. Wani abin da ma'aikata suke yawan kuskurewa shi ne cikon ruwan da ya tafi a tururi. Gishiri ba ya tashi tare da tururi, don haka da tataccen ruwan daɗi ake cikawa.

Tsarin tace ƙazantar tanki da akasarin masu kiwo suke bi a yau ya samo asali ne daga masu sha'awar wannan harka a birnin Balin cikin shekarun 1970. Ginshiƙansa su ne duwatsu masu ƙofofi inda bakteriya masu cinye amoniya suke zama, da na'urar kwashe kumfa wadda take cakuɗa ruwa da iska, ƙazanta ta manne wa kumfar ta taso cikin kofi a zubar, da haske mai ƙarfi, da ruwa mai motsi. Game da motsin, murjani ba ya tafiya neman abinci, ruwa ne yake kawo masa ya kuma ɗauke masa ƙazanta. Masu laushi suna bukatar famfunan da za su juya ruwan tanki sau 10 zuwa 20 a sa'a, masu rassa kuwa sau 30 ko fiye.

Zaɓen fitila

Sai an kammala duk waɗannan ake zuwa kan fitila, ita ma kuma irin murjanin da za a ajiye shi ne yake yanke hukunci. Kashi uku ne. Akwai masu laushi marasa ƙashi, su ne suka fi haƙuri. Akwai masu ƙashi da manyan baki masu nama. Sa'an nan akwai masu ƙashi da ƙananan baki, irin su Akurofora mai rassa kamar ƙahon barewa, wadda ta fi kowanne kyau da kuma saurin mutuwa.

Ruwan teku yana shanye jan haske tun a 'yan mitoci na sama, shuɗi ne yake ratsawa can ƙasa, kuma gansakukar murjani da shi ta fi yin aiki. Wannan ne dalilin shuɗin da ake gani a fitilun tanki. Idon ɗan Adam kuwa ya fi ganin kore da rawaya, saboda haka fitilar da ta haska ɗaki tar tana iya barin murjani da yunwa. Adadin wat da aka rubuta a kwali ba ya nuna abin da murjani zai samu. Ma'aunin da ake dogara da shi shi ne wanda ake kira PAR, wanda yake ƙirga hasken da tsiro zai iya amfani da shi a daidai inda murjanin yake zaune. Masu laushi da masu manyan baki suna wadatuwa da 50 zuwa 150, masu rassa suna neman 200 zuwa 350. Ɗan kasuwa yana da haƙƙin ya nemi mai kafa masa tanki ya tsoma na'urar awon a gabansa, ya nuna masa adadin a sama da tsakiya da ƙasa.

Fitilu iri uku ne a kasuwa. Ta halaid, mai wat 250 ko 400, ita ce ta mamaye harkar a shekarun 1990. Tana rayar da murjani sosai, amma tana fitar da zafi mai yawa, kuma ana sauya ƙwanta kusan kowace shekara. Dogayen ƙwayaye na T5 suna baza haske daidai wa daida ba inuwa, su ma sai an sauya su shekara-shekara. Ta uku ita ce LED, wadda ta karɓe kasuwa daga wajen 2010 zuwa yau. Tsadarta a wajen saye take, amma tana shekaru ba a sauya ta ba, zafin da take zuba wa ruwa kaɗan ne, ana kuma iya rage ƙarfinta ko ƙarawa.

Bambancin yana fitowa fili a takardar kuɗin wuta. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga masu rukunin A daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225, daga baya ya koma Naira 209.50 a watan Yuli na 2024. A bisa wannan farashi, fitilun halaid biyu masu wat 250 da suke ci sa'o'i tara a rana za su sha yunit 135 a wata, watau kimanin Naira dubu 28, ban da ƙarin aikin da za su ɗora wa injin sanyaya ruwa. Fitilun LED masu jimlar wat 200 za su sha yunit 54, kimanin Naira dubu 11. Idan aka haɗa da famfuna da injin sanyaya ruwa mai wat 300 da yake aiki sa'o'i goma a rana, tankin LED zai ci kusan yunit 216, watau Naira dubu 45 a wata. Ga wanda yake kan janareta, tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin ya fi haka.

Haske mai yawa shi ma yana kashewa. Sabon murjani da ya kwana biyu cikin duhun kwali, in aka sa shi ƙarƙashin cikakken ƙarfin LED, zai yi fari kamar wanda zafi ya buga. Ana farawa ne da kimanin rabin ƙarfi, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin makonni. Sa'o'i takwas zuwa goma a rana sun isa, kuma agogo mai kunnawa da kashewa ne ya kamata ya riƙe lokacin. Mai otal da yake son baƙin dare su ga tankin sai ya matsar da lokacin kunnawa zuwa la'asar, kada ya bar fitila tana ci dare da rana.

Takardu da shigo da kaya

Dukkan murjani masu ƙashi suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen farko da suka amince da ita. Ba a fitar da su daga wata ƙasa sai da takardar izinin ƙasar. A nan gida kuma akwai izinin shigo da halittun ruwa masu rai da binciken hukumar NAQS. Kayan da suka kwana a filin jirgin sama saboda rashin takarda, gawa za a karɓa. Kasuwar ita ma tana iya rufewa ba zato. Indonesiya, wadda take kan gaba wajen fitar da murjani, ta dakatar da fitarwa a watan Mayu na 2018, ba ta sake buɗewa ba sai farkon 2020. Murjanin da aka noma a gona ta ruwa, da kifin da aka ƙyanƙyashe a tanki, sun fi na daji jure zaman gilashi, sayensu kuma ba ya rage dukiyar teku.

Bayan an cika tanki da ruwa da duwatsu, sai an jira makonni huɗu zuwa shida kafin bakteriya su kafu, awo ya nuna babu sauran amoniya. Daga nan ake sa kifi biyu ko uku, sa'an nan murjani masu laushi. Masu rassa sai tanki ya kusa shekara. A tanadar wa ma'aikaci safar hannu da tabarau, domin wasu murjani masu kama da ƙananan furanni suna da dafi mai haɗari, kuma ba a tafasa dutsen da suka manne a kai ko a kankare shi a rufaffen ɗaki.

Wanda ya duba wannan lissafi ya ga wutarsa ba za ta ɗauka ba, yana da mafita. Tankin ruwan gishiri mai kifi da duwatsu kawai ba ya bukatar fitila mai tsada. Tankin ruwan daɗi mai kifayen tafkin Malawi yana da launi mai ɗaukar ido, kuma ya fi jure zafi. Kogunan Nijeriya ma suna da kifayen ado, irin su mai hancin giwa, waɗanda aka daɗe ana fitarwa daga Legas zuwa Turai da Amurka. Wanda kuwa ya ƙudura sai murjani, to ya sa kuɗin batir da injin sanyaya ruwa da matata da albashin ƙwararren mai kula a sahun gaba na kasafinsa, abin da ya rage ya sayi fitila da shi, ya kuma zaɓi murjanin da ƙarfin fitilar zai iya ciyarwa.